Ekstanal ɗina ya faɗi a Delhi, aikin shekara uku na ciki

Ɗan_Kusugu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kwamfuta ku kawo ɗauki. Waɗanda muke tare sun san ina Indiya, na rako Baba asibiti a Delhi, yau kwananmu goma sha ɗaya. Shekaranjiya da daddare ina zaune bakin gado a masauki, laftof a cinya, ina sauraron hirarrakin da na naɗa ina rubutawa. Baba ya ce in miƙo masa ruwa, na yunƙura, ashe wayar ekstanal ɗina, wato faifan ajiya na waje da ke jone da laftof ɗin, ta sarƙe da ƙafar wandona. Ekstanal ɗin ya zamo ya bugi tayil. Tsawon da ya faɗo bai kai gwiwa ba, amma yana cikin aiki.

Tun daga nan in na jona shi fitilar tana kamawa, in na kara kunne ina jin yana juyawa, sai kwamfuta ta yi ta tunani kamar minti biyu, sannan ta fito da saƙo wai sai na yi masa fomat kafin in yi amfani da shi. Ban danna ba.

TB 1 ne. A ciki akwai hirarrakin da na yi da dattawa a Daura, Zango, Sandamu da Baure tun 2021, kan kirarin sarauta da hawan Sallar Gani, na digirina na biyu. Biyu daga cikin dattawan sun rasu. Ba ni da kwafi ko'ina. Wallahi tun shekaranjiya abinci ba ya shiga.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Maganar na'ura kuma bari masu ita su iso.

Yaro_Mai_Filash:
Yaya wannan ai ƙaramin abu ne. Sauke Recuva, kyauta ce, ka sa ta yi sikanin mai zurfi ka bar ta ta kwana. Ni da ita na dawo da hotunan da ƙanwata ta goge a memori.

Bahaɗeje_a_KT:
Ɗaure shi a leda ka jefa a firiza ya kwana, da safe ka jona da sauri ka kwashe kayanka. Tsohuwar dabara ce. Ku Katsinawa da Daurawa komai sai kun tara taro.

Ɗan_Kusugu:
@Yaro_Mai_Filash, gaskiya jiya na gwada irin wannan manhajar. Ta yi kusan awa shida tana kan kashi 3 cikin ɗari, ekstanal ɗin ya yi zafi, na gaji na cire.

Injiniya_Rafindadi:
Innalillahi. Malam, kafin ka karanta sauran abin da zan rubuta, in yana jone yanzu ka zare shi. Ka sa shi cikin jaka ka zuge.

To yanzu saurara. Cikin akwatin nan akwai faranti mai juyawa, irin waɗannan ƙananan yawanci sau 5,400 a minti ɗaya. Akwai kuma allura kamar ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa farantin, shawagi take a kansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Idan faifai ya faɗi yana kashe, allurar tana can gefe a mazauninta, sau da yawa ba abin da ke faruwa. Idan ya faɗi yana juyawa, allurar kan daki farantin. Ko ta kankare wani wuri, ko ita kanta ta raunana, ko duka biyun. Daga nan duk mintin da ya yi yana juyawa, raunanniyar allura tana bin farantin tana ƙara ɓarna. Awa shidan nan da ka ba shi jiya, daga cikin sauran kwanansa ka ɗebo.

Recuva ba ta da laifi, amma ba aikinta ba ne wannan. An yi ta ne don lafiyayyen faifai da aka goge abu a kai. Naka ba gogewa ba ce, rauni ne.

Saƙon fomat ɗin kuma, ma'anarsa Windows ta kasa karanta wurin da aka rubuta jadawalin fayilolinka. Kayan suna nan, takardar da ke nuna inda kowanne yake ce ba ta karantuwa. Ka kyauta da ba ka danna ba.

Injiniya_Rafindadi:
@Bahaɗeje_a_KT, taubashi, kai dai a bar ka da kifi. Firiza dabarar faifan zamanin da ce, a lokacin ma sa'a ce. Ka fito da abu mai sanyi ka ajiye a ɗaki, me kake gani a jikinsa? Raɓa. Ita za ta kwanta a kan farantin, allura ta bi ta kai. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Bahaɗeje_a_KT:
To ni dai ta yi mini aiki a 2009.

Injiniya_Rafindadi:
Allah ne ya rufa maka asiri a 2009.

Abu_Safwan:
Ni ina zargin wutar ƙasar ce. Ba a jona kayanmu a wutar wata ƙasa haka kawai. Ko kuma na'urar binciken kaya ta filin jirgi ce ta goge shi tun a hanya, faɗuwar ta zo ta tarar.

Mai_Linux_KT:
Abu Safwan, duka biyun ba su ba ne. Irin wannan ƙaramin ekstanal ɗin ba ya shan wuta daga bango, daga laftof yake sha, bolt 5 ta ramin USB, ko a Daura kake ko a Delhi. Na'urar haska kaya kuma ba ta goge faifai. Ai ya ce kwana tara yana aiki da shi lafiya bayan sun sauka.

Amma ka tuno mini da abu ɗaya. Malam Ɗan_Kusugu, wayar da ƙafarka ta ja, ka duba bakinta. Waɗannan wayoyin masu faffaɗan baki suna saurin lalacewa, kuma in wuta ba ta isa ba faifai kan yi wannan halin. Tsohon ramin USB miliamfa 500 yake bayarwa, mai shuɗin ciki 900. Ka samu wata waya, ka jona a mai shuɗin, gwaji ɗaya tak na minti biyu. A cikin minti biyun ka buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka ɗauko mana hoton allon, sannan ka duba Disk Management ka ga ko yana nuna girmansa daidai. TB 1 yana fitowa ne a matsayin giga 931. Ka sauke manhajar tun kafin ka jona, kada ka bar shi yana juyawa kana jiran intanet.

Yaro_Mai_Filash:
To ko ya yi masa chkdsk? Na ga ana cewa yana gyara faifan da ya koma haka.

Mai_Linux_KT:
A'a! Wannan ya fi fomat haɗari a wurina, don shi ba ya tambayarka sau biyu. Aikinsa ya daidaita jadawali ko ta halin ƙaƙa, duk abin da bai gane ba sai ya yanke ya watsar, kuma a kan faifan yake rubutawa. Ƙa'ida ɗaya ce a wannan harka: ba a rubuta komai a kan faifan da ke jinya.

MaiHoto_Sabon_Layi:
Bari in ba ku nawa labarin, ko wani ya tsira. Shekara huɗu da suka wuce, cikin hunturu, ekstanal ɗina mai bidiyon biki uku ya fara ƙara, ƙyas, ƙyas, ƙyas, sai ya yi shiru, ya sake. Na kai wa wani mai gyara da aka yi ta yaba mini. Ina tsaye ya ɗauko sukundireba ya kwance murfin ƙarfen nan, a kan teburin da ya gama cin gurasa. Na ga farantin da idona, yana ƙyalli kamar madubi. Ya hura masa iska da baki, ya sa ɗan yatsa ya ture allurar gefe, ya ce ai maƙalewa ta yi. Ga hazo a waje, ga fanka tana kaɗawa. Ya mayar ya ɗaure, ya jona, sai muka ji kamar ana goga cokali a bayan tukunya. Ya dube ni ya ce dama ya riga ya mutu.

Biki biyu na samu sauran hotuna a katin kyamara na lallaɓa. Na ukun babu ko ɗaya. Uwar amarya ta zo shago da kanta, ba ta yi faɗa ba, ta zauna a benci ta ce, "Ɗan nan, ko na kamu ma babu?" Na mayar da kuɗi, amma har yau in na hango ta a taro sai in canza hanya. Malam, duk wanda ya ɗauko sukundireba a gabanka, karɓe kayanka ka fita.

Dattijon_Ƙofar_Soro:
Ni abin da ya ɗaure mani kai, yaro mai ilimi kamar wanga, aikin shekara ukku a cikin abu guda kamar kwalin ashana? Mu da muka yi zamanin kaset, kowace hira sai mun juye ta biyu, guda a gida guda a ofis.

Ummu_Hanan:
Baba, gaskiya ne, amma yanzu ihu bayan hari ne. Mutum yana jinyar mahaifi a ƙasar wasu, a bar shi ya ji da ɗaya.

Dattijon_Ƙofar_Soro:
Haka ne ɗiyata. Na yi shiru. Allah shi fid da shi.

Ɗan_Kusugu:
Baba ba ka faɗi ƙarya ba, na cancanci faɗan. Kullum cewa nake sai na samu sarari zan juye.

Na ari waya wurin yaron da ke kula da masaukin. Ba canji. Girman ya fito 931 kamar yadda aka ce, amma an rubuta RAW a gefensa, wato Windows ba ta gane tsarinsa ba. CrystalDiskInfo ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi, kuma layin C5 ne ta yi wa alama. Ban ji ƙyas-ƙyas ɗin da Mai Hoto ya faɗa ba. Na cire. Yanzu ƙarfe ɗaya da rabi na dare a nan, ku kuna ƙarfe tara, zan ɗan kwanta don gobe da sassafe za a ɗebi jinin Baba.

Mai_Linux_KT:
Alhamdulillahi, wannan labari ne mai daɗi-daɗi. Yana nuna girmansa daidai, ba ya ƙara, ke nan allurar tana karatu. C5 ɗin nan ƙidayar guraben da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa ce. Shawarata ka ɗauki kwafinsa kwabo da kwabo zuwa fayil guda a kan wani sabon faifai, da manhajar ddrescue. Bambancinta da kwafin da muka saba shi ne, Windows in ta iso wurin da ya lalace sai ta tsaya tana ta nanatawa har faifan ya galabaita. Ita kuwa ddrescue tsallakewa take, ta kwashe duk mai sauƙi tukuna, tana rubuta taswirar inda ta bi da inda ta bari, sai daga baya ta dawo kan wuraren da suka yi gardama. Ko wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya za ta ci gaba. In an gama sai a ajiye marar lafiyan gefe, duk wani tone-tone a yi shi a kan kwafin.

Abin da za ka nema: filash ko na giga 8 ne, a sa masa SystemRescue, wani nau'in Linux ne, akwai ddrescue da manhajojin ceto fayiloli TestDisk da PhotoRec duk a ciki. Sai sabon ekstanal na TB 2, don kwafin zai cinye TB 1 cur, ga kuma wurin da za a zuba abin da aka ceto.

Injiniya_Rafindadi:
A nan ne zan saɓa da kai, ƙanena. Duk abin da ka faɗa daidai ne ga faifan da ya tsufa ya fara samun matattun gurabe. Wannan faɗuwa ya yi yana juyawa. Rashin ƙara yau ba ya nufin allurar lafiya take, tana iya kai rabin hanya ta cika, kuma in ta cika tana iya tafiya da farantin. Masu wannan sana'a na gaskiya suna da na'ura irin PC-3000 da ke sarrafa faifan kai tsaye, su kashe allurar da ta raunana su kwashe da sauran alluran, in ta kama su canza allura daga wani faifan irinsa sak, a ɗakin da aka tace iskarsa. Da finafinai ne a ciki sai in ce a gwada. Muryar mamaci ce. Kuma mutumin da bai taɓa ganin Linux ba, ga jinya ga rashin barci, kake so ya rubuta umarnin da in ya juya sunayen faifan biyu, sdb da sdc, zai shafe nasa da hannunsa?

Mai_Linux_KT:
Yaya Injiniya, ban ƙi ta taka ba. Amma ka san kuɗin da masu ɗakin nan ke caji, kuma mutumin nan kuɗin asibiti ne a aljihunsa. Maganar juya suna kuma, shi ya sa na ce a kwafa zuwa fayil, ba faifai kan faifai ba.

Injiniya_Rafindadi:
Tsada ba ta kashe faifai. Ya naɗe shi ya dawo da shi gida, ya ajiye har ya samu hali. Faifan da ke kashe a cikin durowa ba ya ƙara lalacewa don ya yi wata shida.

Mai_Linux_KT:
Ya dawo da shi gida ya kai wa wa? Mai gurasa?

Shugaban_Zaure:
Injiniyoyi a sassauta. Ku biyun alheri kuke nufi. Mai abu shi zai zaɓa.

Hajiya_Mai_Leshi:
Ni ban san kan na'ura ba, amma na san tafiya. Abu biyu zan faɗa maka ɗana. Na ɗaya, in za ka dawo da shi kada ka kuskura ka sa a akwatin da za a auna. Na sha zama kusa da taga ina kallon yadda ake jifa da kaya a cikin jirgi. Ka naɗe shi da rawani ko safa, ka sa a jakar hannu. Na biyu, wanda ban ji kowa ya ambata ba: me ke ciki bayan karatun? In akwai hotunan iyali, na maiɗakinka da yara, da hoton fasfo da takardun banki, ka yi tunani kafin ka bar wa baƙo shi ya kwana. Mu mata mun san abin da ya sa nake faɗa.

Ɗan_Kusugu:
Hajiya wallahi akwai. Hotunan sunan ɗiyata duk suna ciki. Ban ma yi wannan tunanin ba.

Ɗalibi_a_Noida:
Assalamu alaikum, wani ne ya turo mini wannan zancen, ni ɗan Dutsin-ma ne ina karatun kwamfuta a nan Greater Noida, kusa da Delhi. Malam, sannu da jinya. Kasuwar kwamfuta ta Delhi ita ce Nehru Place, jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a bakinta, layin Violet. Akwai masu ceto bayanai na gaske a benayen, akwai kuma 'yan kamasho da za su tare ka tun daga matakala suna ja maka riga. Kada ka bi kowa. In ka shiga wuri ka tambaye su abu huɗu: a nan suke aikin ko aikawa suke wani wuri, nawa ne kuɗin dubawa, za ka biya ko da ba a samu komai ba, kuma za su nuna maka jerin fayilolin kafin ka biya. Su rubuta lambar jikin faifan a rasit, su kuma rubuta cewa ba za a buɗe shi ba sai da izininka. Ka riƙe tsabar rufi, don su nan komai da UPI suke biya a waya, baƙo kuwa yawanci ba shi da ita.

Ranar Asabar ba ni da lacca. In kana so in zo in raka ka, kuma ina da filash mai Linux.

Ummu_Hanan:
Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Ka ga amfanin zumunci.

Yaro_Mai_Filash:
Tambaya don Allah. Ba za a iya fasa robar a ciro faifan a jona shi kai tsaye cikin kwamfuta ba? Na ga ana yi.

Injiniya_Rafindadi:
Ana yi, kuma cire robar waje daban yake da kwance murfin ƙarfe. Wasu in ka buɗe za ka tarar da faifan laftof ne na yau da kullum da ɗan ƙaramin fanel mai mayar da shi USB, in fanel ɗin ne ya mutu ka huta. Wasu kuwa, kamar yawancin My Passport na WD, ramin USB ɗin a jikin fanel ɗin faifan yake, babu wani baki da za ka jona, kuma bayanan a kulle suke da lambar sirri ta cikin na'urar. Amma a matsalar Malam wannan ba zai ƙara komai ba, tunda kwamfuta tana ganin faifan har tana karanta lafiyarsa.

Malama_Tarihi:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattawan nan biyu. Kirarin da ke bakin tsohon maroƙi ba a littafi yake ba, in ya tafi ya tafi da shi. Mu nawa ne a zauren nan muke da irin wannan naɗin a waya ko a laftof, na kakanni, na makaɗa, na masu sana'ar da ta kusa ɓacewa? Ga Arewa House a Kaduna, ga gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Ya kamata duk wanda ya gama bincike ya nemi inda zai ajiye kwafi, kada ya zama kayan mutum ɗaya. Su ma iyalan dattawan suna da haƙƙi a ba su muryar mahaifinsu.

Dattijon_Ƙofar_Soro:
Malama kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Ina da kaset sun fi talatin a cikin adaka, har da na hawan Sallah na shekarun 1980. Rediyon da ke cin su ta mutu. Wa ke juye su zuwa waya a garin nan?

MaiHoto_Sabon_Layi:
Baba ina da na'urar, a kawo. Amma kada a bar su cikin mota a rana.

Abu_Safwan:
To wai ma ina laifin Google Drive? Giga 15 kyauta.

Mai_Linux_KT:
Ya danganta da yadda ya naɗa. In WAV ne, minti ɗaya yana cin kusan mega 10, awa ɗaya mega 600, ke nan awa ashirin da biyar ta cinye giga 15 ɗin, kuma da Gmail da hotuna ake raba ta. In MP3 ne kusan kashi ɗaya cikin goma na haka. Ga kuɗin data. Amma ko MP3 ɗin aka ɗora ai da yanzu ba wannan zancen muke ba. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ni ko biyu mutanenmu suka riƙe na gode.

Ɗan_Kusugu:
Jama'a ga bayani, ku yi haƙuri da shiruna. An yi wa Baba aiki ranar Alhamis, an fito lafiya, har ya fara shan ruwan shayi yana faɗan ba su iya shayi ba.

Asabar muka je Nehru Place da ɗan'uwa na Noida, Allah ya saka masa. Wuri na farko, kafin in gama bayani mutumin ya jawo akwatin sukundireba. Na tuna Mai Hoto, na ce a ba ni kayana. Wuri na biyu sun yi kama da masu gaskiya, sun nuna mana ɗakin ta gilashi, amma sun ce kwana bakwai zuwa goma, mu kuwa likita ya ce Laraba mai zuwa za a sallame mu, tikitinmu na Juma'a. Kuɗin da suka faɗa kuma ya kusa na tikitin mutum ɗaya. Na tsaya a barandar benen nan na daɗe ina kallon mutane. Yaya Injiniya ka yafe mini, na sayi TB 2 muka koma masauki.

Mun ɗora shi a kan tawul a ƙasa, inda ba zai sake faɗuwa ba, muka saita masa fanka. Ɗan'uwa ya karanta sunayen faifan sau uku kafin ya danna. Yanzu awa goma sha tara, ya kai kashi 71.

Injiniya_Rafindadi:
Ba komai Malam, kai ke wurin. Tunda an fara, ga sharaɗi: zagayen farko kawai, kada ku bari ta koma tana kankarar wuraren da suka ƙi. Kuma kunnenka na kansa. Ka ji ƙyas ko sau biyu ne a jere, zare waya, kada ka tsaya tambayar kowa.

Bahaɗeje_a_KT:
Da an sa a firiza da tuni an gama.

Shugaban_Zaure:
Bahaɗeje, saura ƙiris in sa ka a firizar kai ma.

Ɗan_Kusugu:
Ya kai kashi 93 da ɗigo, wajen asuba ya fara ƙarar. Ina sallame salla na ji, na yi tsalle na zare. Mun buɗe kwafin da TestDisk, foldodin sun fito da sunayensu, wallahi sai da na yi hawaye. Na Daura da Sandamu duk wanda na gwada yana buɗewa. Na Zango biyu sun lalace, amma mai su yana raye, zan koma in roƙe shi. Hotunan suna sun fito, Hajiya, kuma ba wanda ya gani.

Matsalar ita ce Baure. Tsohon maroƙin nan, ɗaya daga cikin dattawa biyun da na ce muku sun rasu, zama huɗu muka yi kafin rasuwarsa. Uku sun fito lafiya. Na huɗun, wanda a cikinsa ne ya jero kirarin tun daga sama, yana kaiwa minti goma sha biyu sai ya koma shuuu. Hira ce ta awa ɗaya da kwata.

Mai_Linux_KT:
Alhamdulillahi da abin da aka samu. Yau ɗin nan, kafin komai, ka ɗora na mamatan biyu a Google Drive da intanet ɗin asibiti. Ka adana fayil ɗin taswirar kuma, in wata rana ka kai wa masu ɗakin, da ita za su san kashi 7 ɗin da ya rage, ba sai sun sake wahalar da faifan duka ba.

Injiniya_Rafindadi:
Ba zan ce na faɗa ba, don wataƙila ko su ma wurin ya riga ya kankaru tun daren farko. Wataƙila kuma awa shidan nan ce. Tsaya ma. Da me ka naɗi hirar? Waya ko rikoda?

Ɗan_Kusugu:
Ƙaramar rikoda ce mai katin memori. Amma ina juyewa nake gogewa.

Injiniya_Rafindadi:
Gogewa ba ta cire sauti daga kati, suna kawai take cirewa daga jadawali, sai an naɗi wani abu a kan wurin yake tafiya. Wannan ne aikin PhotoRec, da Recuva ɗin da yaron nan ke ta talla tun farko. In zaman Baure na cikin na ƙarshe-ƙarshen da ka yi, akwai fata. Ina rikodar take?

Yaro_Mai_Filash:
Kun gani ko! Ashe dai ina da rana.

Ɗan_Kusugu:
Shi ne na biyun ƙarshe. Tana gida Daura cikin durowa. Bari in kira maiɗakina.

Ɗan_Kusugu:
Na same ta. Ta ce ƙanenta ya ara tun watan jiya yana naɗar karatun da ake yi a masallacin unguwa tsakanin magariba da isha. Bai san ko dare nawa ya naɗa ba. Katin giga 32 ne.

Injiniya_Rafindadi:
Ka ce kada ya sake kunna ta, ko don ya duba. Ya zare katin, in babba ne akwai ɗan maɓalli a gefensa, ya tura shi ƙasa ya kulle. Kada ya goge karatun da ya naɗa da nufin gyara, ya bar komai yadda yake. A sa a ambulan a kawo mini Rafindadi. Akwai mai shigowa Katsina daga Daura a satin nan?

Hajiya_Mai_Leshi:
Direbana zai je Mai'adua gobe ɗauko kaya, ta Daura zai biyo. Ɗan_Kusugu, turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, ka kuma gaya wa maiɗakin taka ta rubuta suna a bayan ambulan ɗin, don yaron nan nawa akwai mantuwa.